Auren Tuffa a Gindin Dutsen Kagoro

Kawuna Shemang ya rataye bindiga,
ya sayo aska a kasuwar Kafanchan,
ya wasa ta har tana ɗauke gashin hannu.
Maƙwabta suka ce tsufa ne.
Bai tanka ba.

A bayan gida, inda dutse ke zubo sanyinsa da dare,
ya binne ƙwayoyin tuffar da jikarsa ta ci ta yar.
Bakwai suka tsiro, gara ta yi kalaci da uku.
Huɗun da suka tsira suka yi 'ya'ya
ƙanana kamar kanya,
masu tsamin da ke sa yaro ya rufe ido ɗaya.

"Saiwarsu nake so," in ji shi,
"ita ta san jar tsakuwar nan."

Tanimu direban tifa ya kawo rassa daga Vom
naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida,
tsawon yatsa, ido uku-uku.
Ni na riƙe uwar.
Ya tsaga ta, ya feƙe reshen kamar alƙalami,
ya zura a hankali
har ɓawo ya haɗu da ɓawo.
"Kore kan kore, yaro, in ba haka ba
itacen wuta ka ɗaure."
Ledar burodi ya yanka siri-siri ya naɗe,
ya toshe bakin da kakin zuma.
Hannun da bai taɓa rawa kan kunamar bindiga ba
ranar na ga yana rawa.

Aure goma sha ɗaya muka ɗaura kafin la'asar,
ba goro, ba maroƙi,
shaidu ni da wani jan gwada a kan dutse.
Shida suka bushe.
Ɗaya iska ta karya.
Sauran, bayan sati uku,
suka buɗe ido kamar kunnen ɓera.

Amma a kowace bishiya ya bar reshe guda
da tsaminsa na gado.
Na ce, Kawu, ka manta wannan.
Ya ce, "Mai zaƙi na jikoki ne da kasuwa.
Wannan na masu zuwa da dare."

Can ya faɗa mini, yana barbaɗa toka a gindinsu:
gada ɗari da 'yan kai ya sauko da su daga dutsen nan,
bai tuna fuskar ko ɗaya
sai wata da ya feɗe ya tarar ba ita kaɗai ba ce.
Wayar birkin keke da yake ɗana tarko
da ita ya ɗaure shingen ƙaya,
ya bar kafa ɗaya ta fuskar dutse,
daidai ƙirjin gada.

Damina uku
awakin Ladi kaɗai suka amsa gayyata.
Ya biya su da jifa, ya biya Ladi da haƙuri.
'Ya'yan tsami suna faɗowa, suna ruɓewa,
zanzaro ya ƙoshi, tururuwa ta ƙoshi.
Yana ta rufe masa ido ɗaya,
ta fara lallaɓo ɗayan.

Jiya da asuba, bayan yayyafi,
na tarar da tuffa guda an gatsa an bar rabi,
da sawu a laka, tsage biyu,
ya fi na akuya tsini.
Na jawo shi da sandarsa,
na ɗora yatsunsa cikin ramin.

Ya daɗe a durƙushe.
Ya shafa, ya auna, ya sake shafawa.
"Ba gada ba ce," ya ce. "Mazo ne. Yana ɗingishi ta hagu."
Ya share laka a wandonsa.
"Kada ka faɗa wa kowa, ko a coci.
Jeka ɗauko askar.
Yau kai za ka tsaga, ni in riƙe."